Dokar da Ba a Shanya Ba

A zamanin Sarki Ranau na Birnin Marmaro, shekarar da damina ta yi jinkiri har Gulbin Dorina ya janye ya bar yashi fari fat, Sarkin Gwabro ya ɗaura yaƙi ya fuskanto yamma. Gulbin nan shi ne ya raba ƙasashen biyu, kuma shi ne ganuwar Marmaro ta gaske, don ta ƙasa da aka gina wa birnin ko akuya mai naci tana iya haure ta.

Mutanen Marmaro suna da wata al'ada da maƙwabtansu ke yi musu dariya a kai. A can doka ba ta fita daga fada ta hau kan jama'a kai tsaye, shanya ta ake yi. Idan majalisa ta tsara magana, sai Galadima ya ɗauke ta ya kai gindin ceɗiyar kasuwa, Sankira ya faɗe ta da ƙarfi kasuwa uku a jere, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Maƙeri ya ce nan ta taka ni, mahauci ya ce nan ta manta da ni, tsohuwa mai daddawa ta ce ita ba ta gane komai ba, a sake. Sai an tsince tsakuwar da ke ciki sannan a buga tambari a fada, daga nan ta zama doka. Abin yana cin lokaci, yana kuma cin rai. An taɓa yin dokar ɗaure awaki da ta kwashe damina guda ana shanya, kafin a gama awakin sun cinye abin da ake son karewa. Saboda haka manyan fada ba su taɓa ƙaunar ceɗiyar nan ba.

Mai riƙe da wannan aiki shi ne Galadima Arzika, dattijo marar yawan magana, wanda ya yi wa uban Sarki Ranau shanyar doka kafin ya yi wa ɗan. 'Ya'yansa maza duk sun riga shi gidan gaskiya, saura ɗaya, Tunau, wanda Sarki ya naɗa Kaura ya ɗora masa rundunar ƙasa.

Ranar da ɗan leƙen asiri ya dawo da labarin Gwabro, aka tara majalisa. Shawara ta tsaya a kan Kaura ya ƙetare ta Mashigin Kuka, inda ruwa bai kai gwiwar doki ba, ya tare abokan gaba tun ba su ga gulbi ba. Kaura ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita ya shiga shiri. Yana fita Waziri Nomau ya gyara zama.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Waziri. "Yaƙi ɗan zamba ne, ba a yi masa shiri ɗaya. Idan aka sami akasi, Gwabro suka iso bakin gulbi, mashigi ɗaya ne, mutum ɗari masu baka sun isa su tsare shi. Amma jiragen masuntanmu suna warwatse gaɓa biyu. Wanda ya same su ya sami ƙofar Marmaro. A yi doka a ƙone su duka."

Sarki ya dubi Galadima. Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar Waziri tana da kan gado. Jibi kasuwa, sai in kai ta gindin ceɗiya."

Waziri ya yi murmushi irin na wanda ya san za a faɗi haka. Ya ce, "Babba Galadima, ceɗiya ta lokacin zaman lafiya ce. Ka faɗi wannan a kasuwa da hantsi, kafin azahar masunta sun ɓoye jiragensu, kafin la'asar Sarkin Gwabro ya ji. Rabin 'yan bakan Kaura 'ya'yan masunta ne, ka so su tafi yaƙi suna tunanin jiragen iyayensu? A tsara ta a ɗaki, a buga tambari bayan runduna ta ƙetare."

"Zaki, shawara ɗaukar ɗaki ce," in ji Galadima. "Mu nan kowa ya san yadda ake hawa doki, amma ba mai kwana a bakin ruwa. Ban san abin da za mu manta ba. Da na sani ai da ba sai an je kasuwa ba. Abin da na sani shi ne tun da nake wannan aiki ban taɓa kai doka gindin ceɗiya ta dawo yadda ta tafi ba. A ba ni kasuwa ɗaya, ban ce uku ba."

"Kasuwa ɗaya ta ishi ɗan leƙen asiri," in ji Waziri.

Aka yi ta kai da kawowa. Wambai ya bi Waziri, Ɗan'iya ya bi Wambai, sauran suka duba inda fuskar Sarki ta karkata suka bi. Sarki Ranau ba azzalumi ba ne, mutum ne da ya gaji, ya kuma tsorata, ga shi bai saba da yaƙi ba. Ya ce, "Galadima, wannan karon kaɗai. In Allah ya kawo mu bayan yaƙi, ceɗiyarka tana nan." Aka kawo Alƙur'ani, Waziri da Galadima da Alƙali suka dafa cewa maganar ba za ta fita daga bakinsu ba sai ranar tambari.

Aka rufe su uku a soron ciki. To, a nan ne halin Galadima ya cuce shi. Shi mutum ne da in an kayar da shi a shawara ba ya ɓata aiki don huce haushi. Ya ce tunda za a yi, a yi ta da kyau, tunda kuma ba kasuwar da za ta tsince ta, shi zai tsince. Waziri ya ce jirage, Galadima ya ce mutum yana ƙetare gulbi a kan gorar masunta, a sa gora. Alƙali ya ce a bar wa fada jirgi biyar a ɗaure, Galadima ya ce a'a, shi ya daɗe yana ganin yadda ƙofar da aka bar wa fada take zama ƙofar duk mai uwa a gindin murhu, in za a ƙone na talaka a fara da na Sarki. Ya sa katako, ya sa damin kara da aka ɗaure don shawagi, ya sa duk abin da zai ɗauki mutum a kan ruwa. Wanda aka kama ya ɓoye, hukuncinsa kisa, ba ceto. Da suka gama Waziri da kansa ya ce bai taɓa ganin doka mai kyan ɗinki irin wannan ba.

Su ukun nan duk sun san cewa wanda ya ƙetare Dorina da ƙafa a ƙarshen rani, da jirgi yake dawowa idan ruwa ya riga shi. Yaron goye ma ya san haka a Marmaro. Amma hankalinsu yana kan wanda zai shigo, ba wanda ya yi tunanin wanda zai dawo, sama kuwa ko gajimare babu. Shi ma Kaura bai ce a tanadar masa jirage ba, don ba a roƙon abin da kullum yake nan.

Ranar fita, Kaura Tunau ya sauka daga doki a ƙofar gidan ubansa ya durƙusa. "Baba, a sa mana albarka."

Galadima ya dafa kansa ya yi addu'a. Rantsuwar tana bakinsa, amma bai ji nauyinta ba, don bai ga abin da ya haɗa ɗansa da jiragen masunta ba. Ya ce, "Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Kada ka yi gaba da yawa, ka san halinka."

"Halin wa na ɗauko, Baba?" in ji Kaura, yana dariya. Ya hau, runduna ta bi shi, suka ƙetare mashigi ruwa na wasa da kofaton dawakai.

Ƙurarsu ba ta gama kwanciya ba aka buga tambari. Sankira ya zaga birni yana faɗar doka, mutane suna fitowa ƙofar gida suna kallon juna, don ba su taɓa jin dokar da aka fara jin ta a bakin tambari ba. Dogarai suka sauka bakin gulbi, suka tattara jirage, na Sarki a gaba, suka cinna wuta. Suka bi gida gida suna fasa gora. Jirgin da aka sassaƙa daga itace guda ba ya saurin ci, saboda haka wutar ta daɗe tana yi, hayaƙin ya kwanta a kan unguwar masunta ya ƙi tashi.

Aka sami jirgi ɗaya a cikin kainuwa an rufe shi da ciyawa. Na Ɗantani ne, ƙanen Sarkin Ruwa Bagudu, wanda shi ne shugaban masunta. Bagudu ya je fada ya faɗi ya roƙi ceto, aka ce masa dokar ba ta bar ƙofa ba. Aka sare Ɗantani a ƙofar gulbi, aka kafe kansa a kan ganuwa. Da Bagudu zai fita daga fada ya ci karo da Galadima a zaure.

"Babba, yaushe aka shanya wannan? Ko ni ne ban zo kasuwa ba?"

"Ba a shanya ba, Sarkin Ruwa."

Bagudu ya ce, "To." Ya wuce ya je ya binne abin da aka ba shi na ƙanensa.

Kwanaki kaɗan bayan haka, mata masu ɗibar ruwa suka dawo da tuluna wayam, suka ce gulbi ya yi ja. A Marmaro ko ɗigo bai sauka ba, amma an kwana ana tafka ruwa a duwatsun gabas inda Dorina ta faro. Malaman fada suka ce jan ruwa alamar jini ce, ba su dai faɗi na wa ba. Kafin rana ta take, Mashigin Kuka ya ɓace, itatuwa da mushen shanu suna wucewa ta inda dawakai suka taka. Galadima ya hau ganuwa ya tsaya yana kallon ruwan. A nan ne ya faɗo masa cewa runduna ba ta da hanyar dawowa, shi kaɗai, ba wanda ya gaya masa. Bai yi salati ba, bai dafe kai ba. Ya sauko daga ganuwa a hankali.

Washegari da sassafe aka ji ganguna a ƙetare. Rundunar Marmaro ce, abin da ya rage daga cikinta. Gwabro sun ninka abin da ɗan leƙen asiri ya faɗa, Kaura ya kara da su a fili ya ga ba riba, ya janyo mutanensa yana yaƙi yana ja da baya har bakin ruwa, wurin da jirage suka saba tsayawa. Suka sare ƙaya suka yi shinge, suka juya wa gulbi baya. Mutanen gari suka cika gaɓar nan suna ɗaga murya cewa an ƙone jirage, ruwa yana cinye rabin maganar. Wani barde daga cikin rundunar ya kama jelar doki ya faɗa ruwa, dokin ya tafi, shi Allah ya jefo shi can ƙasa da birni. Aka kawo shi fada yana amayar da ruwa.

"Allah ya taimaki Sarki, Kaura yana gaisuwa. Ya ce a turo jirage, a fara da masu rauni."

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi tabarma.

Da aka sami mai magana, Waziri ne. Ya ce tambari ya riga ya faɗi, maganar sarki ba ta komawa ciki, in aka warware doka yau gobe ba mai jin tsoron wata. Wambai ya ce a sassaƙa sababbi, wani ya tuna masa cewa jirgi ɗaya yana cin wata. Sarki ya ce, "Galadima, ɗanka ne a can. Ba ka ce komai ba."

"Ranka ya daɗe, ba a ƙone su duka ba," in ji Galadima. Muryarsa ba ta rawa, kamar yana ba da labarin wata ƙasa. "Masunci ba ya ba da jirginsa ga wuta yana kallo. Ɗantani ya yi wauta ya ɓoye nasa a ciyawa. Masu wayo sun cika nasu da duwatsu sun nutsar, yadda suke yi in suna son itacen ya daɗe. Suna nan a ƙarƙashin ruwa. A warware dokar."

Sarki ya warware. Aka buga tambari, Sankira ya ruga unguwar masunta yana shela cewa Sarki ya yafe, duk mai jirgi a ɓoye ya fito da shi, ba abin da zai same shi. Ya zaga ya sake zagawa har muryarsa ta dushe. Masunta suna zaune a ƙofar gidajensu suna gyaran koma, ba wanda ya ɗaga kai. Da yawansu 'ya'yansu suna can ƙetare, suna jin gangunan, amma kan Ɗantani yana kan ganuwa yana kallonsu.

Aka kira Bagudu fada. Ya ce, "Zaki, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Dokar da ta ce a sare, a ɗaki aka yi ta. Wannan da ta ce an yafe, ita ma a ɗakin aka yi ta. Mutanena suna cewa tarko ne, a ga mai jirgi a gama da shi bayan yaƙi. Ni ban da bakin da zan ce musu ba haka ba ne."

Waziri ya ce a kama matansu a ɗaure a rana, za su tuna inda suka nutsar. Galadima ya ce, "Gulbi faɗi gare shi, Waziri. Kafin ka gama dukan mutum na farko rana ta faɗi. Ranka ya daɗe, a ba ni yafiyar in kai ta gindin ceɗiya."

Sarki ya ce, "Yanzu? Ana kashe mana mutane?"

"Yanzu, ranka ya daɗe. Ban san wata hanya ba."

Ba ranar kasuwa ba ce, amma da hantsi ya yi gindin ceɗiya ba masaka tsinke. Galadima ya zauna a kan buzunsa inda ya saba zama, Sankira ya faɗi yafiyar da sauran muryar da ta rage masa, Galadima ya ce, "Jama'a, ga ta nan ɗanya. Wanda ta taka ya faɗa."

Wani tsoho ya ce an ce an yafe wa mai jirgi, to wanda ya taya shi ɗora duwatsu fa? Galadima ya ce a sa shi. Wani ya ce an ce ba abin da zai same shi, gidansa da komarsa fa? Aka sa. Wani ya ce yafiyar ta yau ce ko har bayan yaƙi, ko har bayan wannan Sarki? Aka tsaya a kan wannan aka yi ta gardama, don Alƙali ya ce sarki ba ya ɗaure wanda zai gaje shi, masunta suka ce to su ma ba sa nutso don sarkin da ba su sani ba. Kowace gyara sai an aika fada an dawo. Daga ƙetare ganguna suna tashi suna faɗuwa, wani lokaci iska ta kawo ihu. Duk wanda ya ji sai ya saci kallon Galadima. Shi kuwa yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, bai ce wa kowa ya yi sauri ba, don ya san in ya hanzarta mutum ɗaya sauran za su ce ga tarkon nan. Aka kawo masa ruwa ya karɓa ya ajiye bai sha ba.

Da azahar ta gota, Gwamma matar Ɗantani ta miƙe daga cikin mata, mayafinta a ka. Ta ce, "Babba, ni ban da jirgi, an ƙone. Ina da magana?"

"Kina da ita."

"A sauke kan mijina a ba ni in haɗa da sauran. A kuma faɗa a cikin dokar cewa shi ba maci amana ba ne. 'Ya'yansa za su girma a garin nan."

Galadima ya ce a sa. Sai Bagudu ya kawo ta ƙarshe, ya ce masunta ba za su yarda da tambarin da aka buga a bayan katanga ba, a fito da shi nan a buga a gabansu. Tun da aka kafa Marmaro tambari bai taɓa fita daga fada ba. Manzo ya tafi ya daɗe, don Waziri ya tsaya a kan cewa wannan zubar da sarauta ne. Inuwar ceɗiya ta juya gabas ta yi tsawo. Sai can la'asar aka ga bayi huɗu ɗauke da tambarin, Sarki Ranau da kansa yana biye da ƙafa. Aka faɗi dokar daga farko har ƙarshe da duk gyaranta, Galadima ya tambaya ko da saura, ba wanda ya yi magana. Aka buga.

Ba a gama bugawa ba masunta suka kwasa a guje. Suka faɗa ruwa ta wuraren da ba wanda zai zata, gindin gawo, bayan makabarta, ƙarƙashin matattarar wanki. Suna nutso suna fito da duwatsu, jirage suna tasowa ɗaya bayan ɗaya baƙi ƙirin da laka, mata suna kwarfe ruwa da ƙorai. Dogaran da suka yi rantsuwa sun ƙone komai suka tsaya baki buɗe. Bagudu ya shiga na gaba ya kama sanda.

Ruwan yana da ƙarfi, sai an hau sama sosai sannan a gangaro a dace da wurin. A ƙetare Gwabro sun fasa shingen ƙaya ta gefe ɗaya, ana gwabzawa a cikin laka har gwiwa. Jirage suka riƙa ɗebo mutane kibau na zuba a kansu, su sauke su koma. Masu rauni suka fara isowa, sannan 'yan baka, sannan barade ba dawakai. Iyaye mata suna shiga ruwa har ƙugu suna duba fuskoki, mai rabo ta rungume nata, marar rabo ta matsa jirgi na gaba. An tsamo mutane da yawa ranar nan, har Sarkin Gwabro da ya ga ganima tana kuɓuce masa, ga gulbi ba ya ƙetaruwa, ya fara janye mutanensa kafin magariba. Marmaro ta tsira.

Galadima yana tsaye a gaɓa inda jirage ke sauka. Bai shiga ruwa ba, bai tambayi kowa ba. Duk jirgin da ya iso sai ya dube shi daga gaba zuwa baya, ya mai da ido kan gulbi. Waɗanda suka sauka suna ganinsa sai su sunkuyar da kai su bi ta wani gefe.

Jirgin ƙarshe na Bagudu ne. Mutum uku ne a ciki, da wani abu a kwance an lulluɓe da alkyabba. Barde Kosau, mataimakin Kaura, ya sauko da kibiya a kafaɗa, ya zo ya durƙusa a laka gaban Galadima.

"Babba, sai haƙuri. Shi ya tsare bakin shingen har aka kwashe mutane. Bai daɗe da cikawa ba, muna tsakiyar ruwa."

Galadima ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya faɗe ta yadda ake faɗa in an ji rasuwar baƙo. Can ya ce, "Kosau, da safe hanyar Tsaunin Zabi a buɗe take. Daga ganuwa na hango ba kowa ta wajen. Me ya hana ku bi ta can ku shiga duwatsu?"

Kosau ya ɗago kai.

"Na ba shi wannan shawara, Babba. Mun ji mutanen gari suna ihu an yi doka an ƙone jirage. Na ce masa mu tafi tun hanya tana nan. Ya yi dariya, ya ce ruɗewa ce ta mutanen gari. Ya ce a Marmaro ba a yin doka sai an shanya, mu kuwa ba mu ji an shanya komai ba kafin mu fito. Ya ce, ubana ne Galadima, yana raye ba za a yi wannan ba. Ku zauna, jirage suna zuwa."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Babba. Har azahar yana faɗa."

Galadima ya gyaɗa kai. Ya tattare bakin rigarsa ya shiga ruwa, ya kama gefen jirgin tare da Bagudu, suka ja shi zuwa kan yashi.